Jakin da Ba Ya Cikin Takarda

Mahaifina ya yi shekara da shekaru yana zama a gefen tabarmar mai gari idan ana raba rigimar iyakar gona, a ƙauyenmu da ke gindin dutse kusa da Allakaye. Shi ba malami ba, ba alƙali ba, kunne kawai Allah ya ba shi. Yana da wata al'ada da na sha gani: idan shaidu biyu suka yi magana ta zo iri ɗaya sak, ba ragi ba ƙari, sai ya kaɗe rigarsa ya ce a sallame su. "Waɗanga sun kwana ɗaki guda," in ji shi. Idan kuwa ɗaya ya ce da hantsi abin ya faru, ɗayan ya ce rana ta take tsaka, wannan ya ce jan sa ne ya ture dutsen iyaka, wancan ya rantse baƙi ne, to a nan yake gyara zama ya saurara. A wurinsa mutum biyu masu gaskiya ba sa gani da ido ɗaya. Da wannan kunnen na tashi, kuma shi ya jawo mini abin da zan faɗa.

Mijina manomi ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Gyambo ya ci masa ƙafa har aka ɗora shi a jaki aka kai shi wani ɗakin magani na Turawan mishan a wajen Madawa. Ya yi wata huɗu, ya dawo da ƙafarsa garau, da kuma wani littafi da bai iya karantawa ba, ya cusa shi a ƙarƙashin rumbu. Bai ce wa kowa uffan ba, ni ma ban tambaya ba.

A damina ta biyu bayan 'yancin kai, lokacin maimai, yana gona shi da ƙanensa. Can a kan fako kuma akwai wani Bafillace da shanunsa, wanda kowane rani yake sauka a gonarmu dabbobinsa su zuba mana taki. Hadari ya taso daga gabas ina kan hanya da ƙwaryar fura a kaina. Na ji tsawar da ta sa na durƙusa ban shirya ba. Da na isa, ƙauri ne ya fara tarye ni, irin na babbakar kan rago. Aradu ta faɗa wa gawon da ke tsakiyar gona ta tsaga shi biyu, jakinmu da ke ɗaure a gindinsa ya mutu. Ƙanen mijina yana kwance rub da ciki yana salati. Mijina kuwa yana zaune cikin taɓo, ya ɗora kan jakin a cinyarsa, yana rusa kuka kamar wanda aka yi wa rasuwar uwa. Iyakar abin da na gani ke nan, kuma ina so a riƙe wannan.

Kwana uku bai ci abin kirki ba. A rana ta huɗu ya ciro littafin nan daga ƙarƙashin rumbu, ya ce an kira shi a gona, kuma ya amsa, zai bi addinin Turawan mishan.

Ba sai na tsaya ba da labarin abin da ya biyo baya ba. Ubansa ya cire shi daga gandu, ko taƙi ɗaya bai bar masa ba. Muka koma bakin gari, ya kafa ɗakin kara da hannunsa. Da rani muka tafi wurin Turawan, shi ya koyi wanke miki da ɗaure shi, ni kuma wata Baturiya ta koya mini karatun boko. Suka ba shi akwatin magani, da buhun hatsi lokaci zuwa lokaci, da shi muke ci mu da 'ya'yanmu uku. Masu gyambo da ciwon ido suna zuwa daga ko'ina, kusan dukansu Musulmi, a wanke musu su yi godiya su tafi sallarsu. Ranar Lahadi kuma mutum takwas ko tara suke taruwa a ɗakin karan. Ni dai babu wanda ya kira ni. Na bi mijina ne yadda mace take bin miji da tukwanenta, ba zan yi ƙarya a kan wannan ba. Ƙarya ɗaya da na yi ta ishe ni.

Da yake na fi shi karatu nesa ba kusa ba, ni nake karanta masa Littafin da la'asar, shi yana haddacewa. A nan na haɗu da labarin wani daga cikin manzanninsu, wato mutanen da aka aika su yi wa'azi. Shi ne ya zo daga baya, da can ma farautar masu bi yake yi, sai haske ya kayar da shi a hanya, aka yi masa magana daga sama. Sau uku aka ba da labarin nan a cikin Littafin, kuma sau ukun ba su zo ɗaya ba. A wuri ɗaya abokan tafiyarsa sun ji murya ba su ga kowa ba. A wani wurin sun ga hasken, muryar ce ba su ji ba. Nan an ce suna tsaye, can an ce duk sun zube ƙasa. Bayan haka mai ba da labarin ya nuna an kai shi gaban manyan manzanni aka gabatar da shi, shi kuwa a wasiƙarsa har rantsuwa yake yi cewa bai nemi shawarar kowa ba, sai bayan shekara uku ya leƙa su, kuma ba su ƙara masa komai ba. Da na nuna wa mijina sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce in rufe Littafin. Ni kuwa daɗi na ji. Na ce a raina waɗannan dai ba su kwana ɗaki ɗaya ba, da mahaifina zai saurare su.

Muka yi shekara biyar a haka. Sai aka ce Turawa za su fara miƙa ragamar aiki ga 'yan ƙasa, kuma duk mai wa'azi sai ya riƙe takarda mai hatimi. Wanda ya yi makarantar Littafi, shi an gama da shi. Wanda bai yi ba, sai ya kawo shaidu biyu a kan kiransa. In babu, za a karɓe akwatin magani da buhun hatsi a ba wani, ɗakin karan ma a sa masa sabon mai shi. Mu kuwa ba gona, ba hanyar komawa gidan surukina. Gaba kura, baya sayaki.

Bayan kaka suka zo, ranar kasuwar Tabotaki, a bayan kamyon, babbar motar 'yan kasuwa. Mutum biyu ne: wani Bature dogo mai jan wuya wanda Hausarsa ba ta da gishiri, da wani dattijo Bahaushe mai tabarau, wanda aka ɗora a kan dukan masu wa'azin yankin. Dattijon nan tsaf-tsaf yake, har ƙasan tabarma sai da ya duba kafin ya zauna. Yana riƙe da wani kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato makarantar boko. Ashe duk lokacin da mijina ya ba da labarin kiransa a taronsu, wani yana rubutawa.

Aka zauna a inuwar bedi, wato dogon yaro, da hantsi. Ni ina daga bakin danga ina tankaɗe, kunnena yana wurin.

Dattijon ya buɗe kayensa ya ce, "Malam, shekarar hwarko kac ce muryar ta ce maka ka tashi. Shekara ta ukku kac ce sunanka kaj ji, da muryar mahaihiyarka da tar rasu. Bara kuma kac ce ba kalma kaj ji ba, ganewa kay yi cikin zuciya. Wanne na gaskiya?"

Mijina ya sunkuyar da kai ya ce, "Duka haka na, Baba. Kullum in na tuna, wani gehe nika gani."

Aka kira ƙanensa, wanda bai bar Musulunci ba, kuma abokin wasana ne. Ya ce shi haske ya gani, fari fat, ya faɗi, bai ji komai ba sai tsawa, kunnensa ma kwana biyu yana ƙara. Aka kira Bafillacen. Ya jingina da sandarsa ya ce shi bai ga haske ba, ya ba gonar baya yana kora wata karsana, malfarsa kuma ta rufe masa ido. Amma bayan tsawar ya ji wani abu dabam, kamar ana kiran mutum daga nesa, har ya waiwaya yana zaton shi ake nema.

Dattijon ya rufe kayen ya cire tabarau. "Wanga ya gani bai ji ba, wancan ya ji bai gani ba, mai abin kuma bakinai ukku. Ina shaida a nan?"

Ban san lokacin da na ajiye rariya ba. Na shiga ɗaki na ɗauko Littafin, na zo na durƙusa a bakin tabarma da garin gero a hannuna, na ce, "Baba, a gahwarce ni. In haka na, manzon ga na cikin Littahi ma ba shi samun takarda wurinku." Na buɗe wuri na farko na karanta, na buɗe na biyu, na buɗe na uku. Na karanta inda yake cewa ba daga hannun mutum ya karɓi aikinsa ba, da inda yake yi wa masu yawo da takardun yabo ba'a. Ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na ce, "Abokan tahiyatai bakinsu bai zo guda ba, kuma kun yarda da shi. Mi ya sa na mijina sai sun zo guda?"

Baturen ya zuba wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Na san ya san abin da nake faɗa, domin na ga kunnensa ya ƙara ja. Amma ya bar wa dattijon.

Da dattijon ya ce mini bai sani ba, da na girmama shi har in mutu. Da ya ce akwai bayani, ya zauna ya yi mini, da na saurara, domin daga baya na ji masu ilimi suna da abin da suke faɗa a kan wuraren nan, wani ya shiga kunnena wani bai shiga ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya mayar da tabarau ya ce, "Baiwar Allah, wanga zurhi ba na mata ba na. Kuma manzon da kika karantawa, shi da kainai ya ce mata su yi kurum cikin taro." Wato mutumin da na kawo ya tsaya mana, shi aka ɗauka aka maƙe mini baki da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba wannan ba ne. Mijina ne ya juyo, ko kallon idona bai yi ba, ya ce, "Ke, shiga gida." Na tashi na shiga. Na zauna a bakin murhu.

Kafin su tafi, dattijon ya nuna wai shi mai tausayi ne. Ya ce ba ya so a rasa ma'aikaci irin mijina, saboda haka zai taimake shi ya daidaita labarin. Ya zauna ya rubuta shafi guda da kyakkyawan rubutunsa, ya ce kasuwa mai zuwa zai dawo, shaidu biyu su sa hannu. Ni aka ba in karanta wa mijina, tun da ni ce mai karatun gidan. A cikin takardar haske ya sauko, duk wanda ke wurin ya gani, duk ya ji, muryar kuma ta yi magana da Hausa mai tsabta, jimla biyu cif, masu kama da na Littafi kamar an tsaga kara. Babu muryar uwarsa, babu taɓo, babu kuka. Na juya bayan takardar ina neman jakin, ba ya nan.

Na ce, "Ina jakin?"

Mijina ya ce, "Baba mai tabarau ya ce jaki ba shi da wuri cikin zancen Ubangiji."

Jakin nan shi ya kai shi asibiti da ruɓaɓɓiyar ƙafa, shi ya dawo da shi. Na ci gaba da karanta masa har ya haddace.

Ƙanensa bai ba da wahala ba. Ya yi dariya ya ce mini, "Matar yaya, mi za ya rage ni da shi? In sun so in ce na ga raƙumi na tashi sama, sai in ce. Ɗiyan ɗan'uwana dai su ci tuwo." Na ce masa daman bakinsa kamar zanen aro ne, kowa ya zo ya ɗaura. Ya ƙara fashewa da dariya.

Bafillacen ne ya ƙi. Ya zo har ƙofar gida, mijina ya karanta masa da ka, ya saurara har ƙarshe yana tsaye da ƙafa ɗaya. Sannan ya ce, "Malam, addininka ba nawa ba na, amma ranar nan na ji abin da nij ji, kuma ko gaban wa ina hwaɗi. Haske kau ban gani ba. Kalmomin ga ban ji su ba. In na sa hannu nan, wanda nij ji na gaskiya ma ya zama ƙarya." Mijina ya yi ta roƙonsa, har da tuna masa shekarun da suka yi tare. Bafillacen ya girgiza kai, ya saɓa sandarsa a wuya ya tafi. Mutum ɗaya tak a duniya da ya ji an kira mijina, shi ne aka ce shaidarsa ba ta da amfani. Ranin da ya biyo bai sauka a gonar kowa a garinmu ba, aka ce ya yi wajen Keita da shanunsa.

Dattijon ya dawo ranar kasuwa, shi kaɗai, ya tarar da shaida ɗaya. Ya zauna yana kaɗa alƙalami. Can sai ya ɗaga kai ya hango ni a bakin danga, ya yi murmushi, murmushin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

"Baiwar Allah, ba an ce ke ma kin je gonar ranar nan ba?"

Na ce, "Bayan an gama niz zo, Baba. Mushen jaki na ishe."

Ya ce, "Amma kin ji tsawar. Kina kusa. Kuma kada ki manta, cikin Littahi mata na sunka hwara shaida a bakin kabari. Shaidar mace ba abin renawa ba ta."

Kwana bakwai da suka wuce Littafin ya ce in yi shiru. Yau Littafin nan dai ya ce in yi magana. A hannun mutumin nan ayoyi sun zama kamar kayan koli, ya zaro wadda ciniki yake so ya mayar da sauran cikin jaka. Na ji ƙyamarsa har cikin haƙorana. Na dubi mijina, ya kafa mini ido irin na akuyar da aka kai bakin mahauta. Na dubi rumbu, na san abin da ke ciki ba zai kai mu bazara ba. 'Yar autata tana riƙe da zanena.

Na karɓi alƙalamin. Ƙanen mijina dangwala yatsa ya yi, shi ko ba komai yana iya cewa bai san abin da ke ciki ba. Ni kuwa na iya karatu. Na rubuta sunana da hannuna, harafi bayan harafi, a ƙarƙashin maganar da ta ce na ga haske na ji murya. Dattijon ya busa tawadar, ya buga hatimi, ya ce Allah ya yi mini albarka. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, na sani, amma ban taɓa zaton askin zai yi wari haka ba. Ranar ban iya cin tuwon da na tuƙa ba.

Labari ya kai kunnen mahaifina, domin ƙanen mijina ba ya riƙe magana. Tun da muka bar gandu Baba bai taɓa juya mini baya ba, yakan aiko mini da wake a ɓoye. Da na je gaishe shi sai ya dube ni ya ce, "An ce bakinku ya zo guda, ke da ƙanen mijinki." Na ce e. Ya kaɗe rigarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Takarda ta zo, akwatin magani ya zauna, 'ya'yana suka ci suka girma. Mijina ya yi aikinsa da gaskiya, wannan ba zan hana shi ba, ƙafafun da ya wanke a ƙasarmu ta Buza Allah kaɗai ya san yawansu. Amma daga ranar nan labarin takarda yake bayarwa. A da in yana faɗin abin da ya same shi a gona, yakan tsaya, ya yi inda-inda, wani lokaci hawaye ya zubo masa, mutane su yi tsit har da masu jiran a wanke musu miki. Yanzu kuwa zuba yake yi kamar ɗan lakwal yana karatun haddarsa, ba ya tuntuɓe, ba ya kuka. A manyan taro har nuna ni yake yi ya ce ga matata nan, tana wurin, ta gani ta ji. Ni kuma in sunkuyar da kai, mutane su ce kunya ce irin ta matan kirki.

Shekaru da yawa bayan haka, da tsufa ya kama shi, ciwo ya kwantar da shi, wata rana da hantsi ina ba shi kunu sai ya riƙe mini hannu. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ya ce ya yi ta ƙoƙari ya tuna ranar nan, amma duk inda ya juya takardar yake gani, har da rubutun dattijon. Ya ce yana tsoron ya je gaban Ubangiji bai san ko an kira shi ba.

"Ke kina wurin," in ji shi. "Hwaɗa mini, don Allah. Mi muryar tac ce?"

Da gaske yake tambaya. Ya faɗa sau ɗari har ya yarda ina wurin. Ƙanensa ya riga mu gidan gaskiya, Bafillacen kuwa ko labarinsa ba mu sake ji ba. Na ajiye ludayin. Na ce a raina yau dai zan ba shi abin da nake da shi na gaskiya, ko da kaɗan ne.

Na ce, "Malam, ban ji murya ba, ban ga haske ba. Daga baya niz zo da hura. Na ishe ka zamne cikin taɓo, ka aza kan jakinmu bisa cinya, kana kuka."

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana nema a fuskata.

Ya ce, "Wane jaki?"